Don Allah ku taimake ni, disartasiyon na neman kada ni a bak

'Yar tarminal: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wanga gurup. Ni ɗaliba ce a tarminal A nan Maradi, wato ajin ƙarshe na sakandare mai rubuta jarrabawar bak, kuma wallahi filo, darasin falsafa, ta sa ni gaba, musamman disartasiyon, dogon rubutun nan da ake amsa tambaya guda da hujjoji. Dabuwar, wato gwajin aji, biyu munka yi, na farko na samu 6 bisa 20, na biyu 7. Kuma ba wai ba ni karatu ba ne, kayena, littafin da nike rubuta darasin filo, har ya yi laushi don juyawa, kullum bayan isha'i ina bisa tabarma, in anka ɗauke wuta in kunna fitilar waya. Suje na ƙarshe, wato tambayar da anka ba mu, shi ne: shin aiki yana 'yanta mutum? Na cika shafi biyar, na kawo ma'anar aiki, na kawo duk abin da mushe, malaminmu, ya faɗa kan masanin falsafar nan Marx ban bar ko ɗigo ba. Da anka maido takardu sai ga jan bik tun daga sama har ƙasa, a gefe an rubuta "hors sujet", wato na fita daga suje, a ƙasa kuma wai hardar darasi na zubo. Wadda muke tebur guda shafi ukku kawai ta yi, ta samu 12. To mi ake so ne jama'a? Ta ina ake farawa? Ni har kunyar tambaya nike a aji.

Ɗan Bagalam: 7 kike kuka? Ni 4 na taɓa samu kuma ga ni da raina hhh. Allah shi ba da sa'a ƙanwata, masana na tahe.

Tsohon malamin lise: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ban ga takardarki ba amma na san abin da ke ciki, don na gyara irinta ba adadi. An yi miki tambaya guda kin amsa wata. An ce shin aiki yana 'yanta mutum, ke kuma kin amsa "mi kinka sani game da aiki". Kamar a tambaye ki ko hanyar Dakoro na biyuwa da damana, ki gyara zama ki ba da tarihin Dakoro. Duk abin da kinka faɗa yana iya zama gaskiya, amma mai tambaya har yanzu bai san ko ya hau mota ba.

In an ba ki suje ki aje bik tukuna. Ja layi ƙarƙashin manyan kalmomi, nan ukku ne: aiki, 'yantawa, mutum. Sai ki tsare kowace da tambaya. 'Yanci daga mi? Daga yunwa da roƙo da jiran hannun wani? Ko kuwa 'yanci shi ne ka yi abin da ranka ke so lokacin da kake so? Kin ga tun nan magana ta rabu biyu.

Dubi telan unguwarku. Yaron da ya gama koyo, ya sayi kekensa, ya kama shago, ya daina cewa baba a ba ni na sabulu, aiki ya 'yanta shi, babu gardama. To koma wurinsa goman ƙarshe na azumi. Idanu sun yi ja, kwana ukku bai ga gado ba, yadudduka tuli guda, mata na tsaye bakin shago ana zaginsa, shi ko nashi kayan salla bai yanka ba. Wannan ɗa ne ko bawa? Mutum guda, keke guda. Wanga karon da abubuwan biyu sunka yi shi ake kira poroblematik, kuma shi mai gyara ke nema tun a layukan farko. In babu shi, ko shafi goma kinka yi harda ce.

Yayarku ta jami'a: Mushe ya gama magana, ni dai lokaci zan ƙara don shi ya kusa cinye ni. Awa huɗu ce filo, kuma kina ganin kamar da yawa sai kin ji an ce saura minti talatin. Ni awar farko duk a buruyo nike kashe ta, wato takardar gwaji kafin a rubuta na ainihi. Na raba takarda biyu, hagu hujjojin eh, dama hujjojin a'a, duk abin da ya zo min in rubuta ko da Hausa ne, bayan nan in zaɓi biyu ko ukku masu ƙarfi kowane gefe in watsar da sauran. Gabatarwa da kammalawa kaɗai nike rubutawa cikakku a buruyo, tsakiyar kanun magana kawai, don in kinka ce sai kin rubuta komi sau biyu wallahi ba ki gamawa. Kuma kowane sakin layi hujja guda, ki faɗe ta, ki bayyana ta, ki kawo misali, ki wuce. Ki bar layi tsakanin manyan sassa don mai gyara ya ga inda kinka juya, mutumin nan takardu ne jibge gabansa ga zafi, kar ki sa shi lalube. Minti goma sha biyar na ƙarshe na karatun abin da kinka rubuta ne, akwai maki da ke zubewa wajen akor da aksan kawai, wato kurakuran nahawu da ɗige-ɗigen bisa haruffan faransanci.

Wani ɗan seri D: Ni ban yarda da zancen tunani da Hausa ba gaskiya. Shi ke sa mutum ya rubuta faransanci mai warin Hausa, malaminmu kullum faɗan da yake ke nan.

Yayarku ta jami'a: Ban ce ta fassara jimla jimla ba malam. Cewa na yi ta gane gardamar da harshen da take gardama da shi a gida. Wanda bai iya faɗin matsalar suje da Hausa cikin jimla biyu ba, bai gane ta ba, faransanci rufa mishi asiri kawai yake. Ko da anka ce a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, takardarki dai da faransanci za ki rubuta ta, wannan kam sai an zauna an koyi kalmomin haɗi irin su d'abord, en effet, cependant, a san inda kowace ke zama.

Ɗan Bagalam: Mu dai abin da anka koya muna tez, antitez, santez. Eh, a'a, sannan ka ce kowa na da gaskiya ka tashi.

Tsohon malamin lise: To ga inda 4 ɗinka ta fito ɗana. Santez ba sulhun dattawan unguwa ba ne da za a ce kowa ya yi haƙuri. Kuma kar ki ce "aiki na 'yantawa" a shafi na biyu sannan a na ukku ki ce "aiki ba ya 'yantawa", kin ƙaryata kanki ke nan. Sashe na biyu iyakar na farko yake nunawa: eh yana 'yantawa, amma ga inda abin ke juyewa. Nan ne Marx ɗinki zai yi amfani, shi da ya yi magana kan leburan masana'anta mai saida ƙarfinsa, abin da ya ƙera kuma ba nashi ba. Layi huɗu sun ishe shi, ba shafi biyu ba. Sashe na ukku sai ki ɗaga tambayar sama: wane irin aiki ne ke 'yantawa, bisa wane sharaɗi? Wanda mutum ya zaɓa, yana da ta cewa a ciki, ladansa na isarsa, yana barinsa ya huta. Kin ga kin ba da amsa taki ta kanki.

Kuma a kula, ba kowane suje ke ɗaukar eh da a'a ba. In tambaya ta fara da "mi ya sa" ko "ta yaya", dalilai ake so ki jero daga na sarari zuwa mai zurfi. Na sha ganin yara sun tilasta antitez inda babu gurbinta.

Sai zancen sitasiyon, wato kawo maganar wani masani. Don Allah in ba ki tabbata wa ya faɗi magana ba kar ki liƙa wa kowa. Shekara nawa ina karanta "kamar yadda Socrate ya rubuta a littafinsa", alhali bawan Allahn nan bai bar littafi ko guda ba, almajirinsa Platon ne ya rubuta mafi yawan abin da munka sani nashi. Misalin tela da kinka gani da idonki ya fi min maganar da anka ƙaga.

Maman 'yan biyu: Mushe Allah shi saka da alheri, na tura wa nawa yaron, shi ma bana ne. Sai dai shi matsalarsa rubutun kamar kaza ta yi tonon shara.

'Yar tarminal: Na gode ƙwarai baba, na gode anti. Ga abin da na gwada yanzu, da Hausa tukuna: "Kowa na neman aiki don ya tsaya da ƙafarsa, amma mai aiki shi ne kullum ke kukan ba shi da lokacin kansa. Shin abin da ke fidda mutum daga hannun mutane shi ne kuma ke ɗaure shi?" Ya yi ko in sake?

Tsohon malamin lise: Ya yi ɗiyata, wannan gabatarwa ce ta kama hanya. Saura ki saka ainihin suje ɗin a tsakiya kamar yadda anka ba ki shi, ki ƙara jimla guda mai nuna sassan da za ki bi. Maida shi faransanci ki turo. Kuma ga wani ki gwada kafin Juma'a, buruyo kawai nike so ba cikakke ba: shin bin doka yana rage 'yanci?

Ɗan Bagalam: Mushe wannan a ba 'yan kabu-kabun bakin babbar kasuwa, su ke da antitez ɗin.