Tsimi ko auki: me za mu kira "energy efficiency" da Hausa?

'Yan uwa manoman rani na Dadin Kowa da Balanga, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kusan duk mai sayar da injin ban ruwa sai ya jefa maka wannan Turancin na "energy efficiency", wato yawan aikin da inji ke yi da man da ya sha. Malaman gona ma haka suke faɗa a taro, manomi ya gyaɗa kai ya tashi bai san abin da zai auna ba.

An fi jin "tsimin makamashi". Makamashi kam ta zauna, ta haɗa fetur da gas da itace da hasken rana. Tsimin ne bai kwanta mini ba, don wanda ya kashe inji ya bar tumatirinsa da ƙishi, shi ma ya yi tsimin mai. Tattali kuwa halin mutum ne, inji ba ya tattali.

Ni shawarata ita ce auki. Uwargida ta san shinkafa mai auki: mudu guda ne, amma ya ciyar da gida. Ma'anar ke nan, abin da ka zuba da abin da ya fito. Sai mu ce "aukin makamashi", inji kuma "mai aukin mai".

Amfanin kalmar shi ne tana tilasta awo. Zuba lita ɗaya a inji, ƙirga kwami nawa ya shayar kafin ya mutu. Gwada wani injin a rijiya ɗaya da tiyo ɗaya, domin zurfin ruwa da tsawon tiyo suna sauya lissafi sosai. Tiyo mai yoyo na cinye aukin inji komai sabuntarsa.

Kuma don Allah kada mu haɗa auki da sola. Sola tushen wuta ce. Famfon sola ma yana rasa auki idan ƙurar hunturu ta rufe farantin ba a goge ba, ko aka sa shi jan ruwan da ya fi ƙarfinsa.

Wani ya ce mini auki kalmar madafa ce, ba za ta shiga takardar gwamnati ba. Ai makamashin ma daga murhu ta fito, ga shi yau har ma'aikatar gwamnati ake kira da ita.

Mutanen fadamar Jama'are da Gadau, idan aka ce muku "injin nan yana da aukin mai", za ku gane ba tare da ƙarin bayani ba? Idan kuna da wadda ta fi ta, ku kawo.