Tafiya Indunusiya, mi zan sa a jaka?

Ɗan Argungu: Salam jama'a, wani kwas zan tafi Jakarta watan Janairu, biza ta hito, mi da mi ya kamata in ɗauka?

Baban Yara: Malam Janairu damina ce sosai can, ka nemi lema, kuma kar ka cika jaka da shadda mai sitati don zufa ba ta bushewa kamar namu zafin Birnin Kebbi, yadi marar nauyi ya fi.

Hajiya Gwandu: Katin rigakafin shawara ɗana, ka haɗa shi da fasfo. Da man sauro, akwai zazzaɓin dengi.

Ɗan Argungu: Kilishi fa Hajiya?

Hajiya Gwandu: Bar shi gida, kwastan na iya ƙwace nama. Yaji dai.

Na Zuru: Soket ɗinsu mai rami 2 ne zagayayyu, sai da adafta.