Malaman aikin gona, yaya kuke koyar da tattalin mai a makarantun ƙauye?

Malamin ƙaramar sakandare, wajen Dakace:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Kuka na kawo. Makon jiya na shiga aji uku da darasin tattalin makamashi a gona, na cika allo da rubutu, ina juyowa na tarar rabin aji na gyangyaɗi. Kalmar makamashi ma a rediyo kawai suke jin ta. Abin haushin, yaran nan su ne ke tayar da injin ban ruwa a fadamar Galma kafin su zo makaranta, wasu da warin fetur a hannu suke shigowa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, babu abin da ke cin ran iyayensu kamar kuɗin mai. Amma na kasa haɗa allon da gonar. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Malami daga Hunƙuyi:
Wa alaikumus salam Malam. Ka bar allon nan. Ni aron inji mai inci biyu na yi wurin mahaifin wani ɗalibina, muka tafi bakin rafi da durom mai lita 200 da wayata. Yadda mai shi ya saba ajiye shi muka fara: can saman gaɓa, tiyon duk ɗauri da robar tayar keke, ruwa na tsartuwa ta wuri uku. Yaro ɗaya ya riƙe waya yana duba lokaci har durom ya cika. Sai muka sauko da injin kusa da ruwa, muka yanke inda ya huje muka haɗa, muka cire soson matatar iska, wanda ƙurar hunturu ta mayar kamar tubali, muka wanke. Da muka sake cikawa, su da kansu suka yi ihu ganin bambancin. A nan na gaya musu inji ya fi ƙarfi wajen tura ruwa a kan zuƙo shi, kuma in zurfin ya wuce kamar mita 7 sai dai ya yi ta kuka yana shan mai. Ko sau ɗaya ban ce makamashi ba. "Asarar mai" na ce, kowa ya gane.

Malama daga Giwa:
Duk maganar inji kuke yi, 'yan matan fa? Nawa ba sa zuwa fadama, amma su ke turara shinkafa, su ke soya gyaɗa. Tukunya biyu muka ɗora a bayan aji, ɗaya a murhun duwatsu uku iska na kwashe wutar, ɗaya mun kewaye ta da laka mun rufe da murfi. Muka ƙirga itacen da kowacce ta ci kafin ruwa ya tafasa. Wata ta ce, "Malama, ai Inna ta san wannan, ƙyuyar kwaɓa laka ce kawai." Na yi dariya na ce to ke ki kwaɓa mata.

Malami daga Ikara:
Ni kam sai da na sha kunya. Na koya wa yara cewa ban ruwa da tsakar rana asara ne, rana na shanye wani kaso kafin ya kai saiwa, gara da sassafe ko da yamma. Wani yaro ya je gonar tumatir ya kashe wa babansa inji da azahar, wai Malam ya ce. Washegari ga dattijo a ƙofar ofis, carbi a hannu. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, mu huɗu ke karɓa-karɓa da injin nan, ni azahar ce rabona. Ko za ka ba ni naka?" Ban sami abin cewa ba sai haƙuri. Tun daga ranar, kafin in ce a yi kaza sai na tambayi yara injin na waye, su nawa ke amfani da shi. Kuma ina ja musu kunne: a gida shawara ake kai wa Baba cikin ladabi, ba a taɓa masa inji.

Wani daga Maƙarfi:
Ku kai su wurin masu mazarƙwaila. Ɓawon raken da aka matse shi ake shanyawa a hura wutar dafa ruwan. Darasi ne a tsaye, ba ka biya ko sisi ba.

Tsohon malamin gona, Samaru:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ku ƙara da taki. Yuriya da iskar gas ake yin ta, shi ya sa tsadarta ke bin tsadar makamashi. Wanda ya watsa ta a kan busasshiyar ƙasa cikin rana, wani kaso na sinadarin zai bi iska. A tona, a zuba, a rufe. Masu mayar da inji kan tukunyar gas kuma sun yawaita tun 2023, ku nuna wa yara yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don gane yoyo, kada a nemi sauƙi a gamu da gobara. Sola tana da kyau, amma kada ku cika musu kunne da abin da iyayensu ba za su iya saya bana ba.

Malamin Dakace:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Na samu mai ba ni aron inji ranar Alhamis, durom ne ban samu ba tukuna. Malam na Hunƙuyi, jarka mai lita 25 za ta yi, ko za ta cika da sauri har yara su kasa ganin bambancin?