An gama gyaran gida, saura sati shida in haihu, ta ina zan fara?

Maman Ummi, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nike nema, don abin ga ya fara hana ni barci. Cikina yana wata na takwas, wurin awo ranar Talata sun ce saura kamar sati shida. Tun watan Agusta maigida ya sa aka fara gyaran gidanmu, saboda ruwan damina ya ɓata silin ɗin ɗakina, bangon kuma ya kumbura yana zubowa. Daga gyaran silin sai aiki ya jawo aiki: aka kankare tsohon fenti, aka sake filasta, aka sa tayil, aka yi POP a falo. Ni da Ummi muka koma wurin Inna a Runjin Sambo, muna can wata uku ke nan.

Jiya na je na gani. Wallahi gida ya yi kyau, amma da na taka sai na ga sawun takalmina a ƙasa kamar wadda ta bi ta kan gari. Na buɗe durowar da na jera kayan jariri, waɗanda na wanke na guge da hannuna tun kafin mu tashi, na tarar da farar ƙura ta kwanta a kan 'yan rigunan, har cikin safa. Nan na zauna bakin gado na yi kuka. Katifarmu ma jingine ta masu aikin suka yi a bango, ko leda ba su rufa mata ba, a cikin ɗakin da suka yi kankarar. Tayil duk ɗigon siminti ne ya bushe a kai. Ga warin fenti, don ƙofofi da ƙarafan taga da rabin bango na ƙasa duk fentin mai aka shafa. Ban yi minti goma ba kaina ya fara sarawa.

To ga hunturu ya kama. In an buɗe tagogi ƙura ta shigo, in an rufe wari ya zauna. Maigida ya ce a kira yara su share ranar Asabar, a zuba asid a tayil, a yi turaren wuta, Lahadi mu dawo. Ni hankalina bai kwanta ba. Ina son in haihu in dawo ɗakina, ba na son in kwantar da jinjiri inda ni babba na kasa zama. Waɗanda suka taɓa yin wannan, don Allah mi kuka yi?

Mai fenti, Ƙofar Rini:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah shi sauke ki lafiya. Sana'ata ke nan shekara goma sha bakwai, don haka bari in faɗa maki abin da na sani. Fentin ruwa ba shi da matsala sosai, kwana kaɗan warinsa ya tafi. Fentin mai shi ne mai naci, balle in an tsinka shi da tina ko fetur, yadda wasunmu ke yi don shi yaɗu. Washegari za ki taɓa ki ji ya bushe, amma yana ci gaba da fitar da wari sati biyu ko fiye, musamman a ɗakin da ke rufe. Lahadin nan ta yi kusa.

Zancen hunturu kuma, taimakonki zai yi, don busasshiyar iska ita ke busar da fenti. Iskar daga gabas maso arewa take bugowa. Tagar da ke fuskantar can, a rataya mata tsohon zane jiƙaƙƙe, shi zai tare ƙura, in ya bushe a sake jiƙa shi. Tagar ɗaya ɓangaren a buɗe ta duka, a aje fanka a bakinta tana hura waje. Duk gwangwanin fenti da burushi da jarkar tina da aka bari a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, sau da yawa su ne ke riƙe wari ba bangon ba.

Asid kuma ina roƙon kada a sa. Yana cinye abin da aka cike tsakanin tayil da shi, yana sa ƙarfe tsatsa. Ɗigon siminti a jiƙa shi da ruwa shi yi awa guda, a bi shi da makankari a hankali, yana fita. In ma dole sai an sa a wani wuri, kada a kuskura ya haɗu da Hypo ko Jik a bokiti ɗaya ko a ƙasa ɗaya. Haɗuwarsu hayaƙin guba take fitarwa, na ga yaron aikina ya faɗi a bayi saboda haka, sai da muka ɗauko shi.

Hajiya Babba, Gawon Nama:

Ɗiyata, ki share hawayenki, aikin kwana huɗu ne in an bi shi da tsari. Bara munka yi irin wanga kafin matar ɗana ta haihu. Abu guda: kada kowa shi ɗauki tsintsiya busassa. Ƙurar siminti in ka share ta tashi take, ta jira ka fita ta koma inda take. Da ruwa aka kama ta. A fara daga sama, fukafukan fanka, saman sif, kan ƙofa, ƙarfen labule, sannan bango, ƙasa ita ce ta ƙarshe. Bokiti biyu, guda na ruwan sabulu guda na ɗauraya, da ruwan ya yi fari a zubar a sake. Ki ce ma maigida shi yi magana da 'yan garuwa tun da wuri, ruwa za ya tafi ba kaɗan ba. A yi yau, a bari ta kwana, gobe a sake, don da safe za ki iske wata ta sauka. Mu sau uku munka yi.

Kayan jinjiri ki kwaso su ki wanke nan wurin Innarki, ki zuba a akwati ki rufe, kada su koma sai ranar da za ki koma. Labule ma kada a rataya sai ƙarshe. Kuma ban da kafet a ɗakin jego, tayil ɗin ya isa, ki shimfiɗa tabarmar da za a iya ɗauka a kakkaɓe.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:

Maman Ummi, ni abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninki shi ne kankarar tsohon fenti. Fentin mai na da, har da wasu na kasuwa yanzu, akan samu dalma a cikinsa, kuma in an kankare shi ƙura yake komawa. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, a ƙananan yara kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mu nan mun san abin da ya faru maƙwabtanmu a Zamfara a 2010, yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ne, yawanta kuma ba a haɗa shi da na fenti, amma hanyar shiga jiki ɗaya ce: ƙura a ƙasa, hannu a ƙasa, hannu a baki. Don haka ke da Ummi kada ku shiga gidan sai an gama, ko tsayawa duba masu aiki kada ki yi. Masu sharar su sa takunkumi da safar hannu. Katifar da ta sha wannan ƙurar, ni dai ba zan kwantar da jariri a kai ba, soso ba ya sakin abin da ya haɗiye. In ciwon kan nan ya dawo ko ya ƙi tafiya, ki je a duba ko jininki ya hau, kada ki ɗora wa fenti, a wata na takwas ba a wasa da shi.

Turaren wuta rufe wari yake, ya ƙara hayaƙi a kai. Sannan tunda cikin sanyi za ki yi jego, kaskon gawayi kada ya kwana a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Baban Khalifa, Tudun Wada:

Ni ina ganin ba sai an matsa ba. Ki haihu a wurin Inna, a yi suna can, ki yi arba'in ɗinki ki dawo. Lokacin gida ya huce da kansa.

Maman Ummi, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baban Khalifa, na yi wannan tunanin, amma ɗaki biyu ne wurin Inna, ga ƙannena uku, kuma na riga na yi wankan gida a haihuwar Ummi. Raina na ɗakina.

Daren jiya na karanta wa maigida amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da ya ji zancen dalma ya yi shiru, can ya ce a fasa Lahadi. Yau da safe ya je ya kwashe gwangwanaye bakwai daga bayan ƙofar kicin, ashe nan suka tara su. Ƙanwarsa da yara biyu za su fara goge-goge ranar Asabar, na rubuta musu tsarin Hajiya a takarda. Katifar za ta koma ɗakin baƙi bayan an shanya ta an sa mata riga, za mu sayi sabuwa ko da ƙarama ce. Mun tsayar da sati uku kafin in koma.

Malam mai fenti, saura tambaya guda. Ɗan gadon katako da Ummi ta yi amfani da shi ya koɗe, na so a shafa masa fari. In an shafa fentin ruwa a tsakar gida wannan satin, zai kai ga bushewa, ko in bar shi haka a wanke shi kawai?