Matuƙi yana jin girgiza, na'urori ba sa nuna komai

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da aka ba ni shugabancin injiniyoyin gwajin wani jirgin soja na horaswa, kuma na kai maƙura. Da zarar jirgin ya kai gudun Mak 0.8, wato kashi 80 cikin ɗari na gudun sauti, a tsayin ƙafa 25,000, sai matuƙin gwaji ya ce sandar tuƙi tana kakkarwa a hannunsa. Mu kuwa a ɗakin sa ido, na'urorin auna girgiza da ke fukafukai shiru kake ji. Mun sake saita su, mun sauya biyu, an tashi sau uku, abin yana nan. Manya suna matsa mini in sa hannu a ƙara gudu, amma hankalina bai kwanta ba, ran mutum ne a ciki.

Injiniyoyi, a wane ɓangaren jirgin ya kamata in ƙara dasa na'ura kafin tashi na gaba?