Neman shawara: wace amfilifayar jita mai araha ce ta dace da ɗaukar sauti a ɗaki?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku game da amfilifayar jita, wato akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfin sauti ya fitar da shi ta sifika, wadda nake so in saya domin ɗaukar sauti kawai, ba domin wasa a gaban taro ba. Ina da jita mai lantarki, irin wadda ke da siraran maganaɗisu uku masu ɗauko sauti a ƙarƙashin tsirkiya, ina da kwamfuta da ƙaramin sawunkad na Focusrite, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, kuma a shagon ƙofar gidanmu nake aiki, wanda bai fi a shimfiɗa katifa biyu a cikinsa ba. Yawancin abin da nake kaɗawa sauti ne garau, salon Agadas da ɗan hailaif, sai jefi-jefi nakan so sauti mai ɗan kaushi. Na san masana sun fi yabon amfilifaya mai kwalba, wato wadda ke aiki da 'yan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila a cikinta, amma abin da na tanada bai kai kuɗinta ba ko kusa, don haka na tsayar da shawara a kan mai tiranzisto, wadda ƙananan kayan lantarki suka maye gurbin kwalaben a cikinta. Sunayen da aka ambata mini su ne Boss Katana 50, Fender Mustang LT25 da Orange Crush 20, sannan wani abokina ya ga tsohuwar Peavey Bandit 112 ta hannu a wurin wani mai sayar da kayan gwanjo. Ina so in san wat nawa ne, wato yawan ƙarfin da take fitarwa, zai ishe ni, da kuma ko ya fi kyau in kafa makirufo a gaban sifika ko in zura waya kai-tsaye zuwa kwamfuta. Akwai kuma wani ƙugi da ke shiga duk abin da na ɗauka, musamman idan an tayar da janareto, kuma ina tsoron kada in kashe kuɗi ƙugin ya biyo ni.

Mai situdiyo, daga Barnawa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara cire batun wat daga ranka, domin shi ne abin da masu shago suke fara ɗaga wa mai saye, alhali a aikin ɗaukar sauti shi ne ya fi komai ƙarancin muhimmanci. Makirufon da aka kafa a bakin sifika bai san ko amfilifayar mai wat 20 ce ko mai wat 100 ba, abin da takardar sifikar ta fitar shi yake ɗauka. Ko ta fuskar ƙara ma, idan aka ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kacal ake samu a ma'aunin ƙara, sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya yarda cewa ƙarar ta ninku. Amfanin yawan wat ga mai tiranzisto guda ɗaya ne: idan aka matsa mata har ta kai iyakarta, sautinta yakan tsage ya yi kaifi mara daɗin ji, saɓanin mai kwalba wadda takan yi kaushi a hankali, don haka ana so a riƙa aiki nesa da wannan iyakar. A shago irin naka ko wat 20 ba za ka taɓa ƙure shi ba.

Abin da ya kamata ka duba shi ne girman sifika. Mustang LT25 da Crush 20 duk sifikarsu inci 8 ce, Katana 50 da Bandit kuwa inci 12. Ƙaramar sifika a cikin ƙaramin akwati takan rage kaurin tsirkiyoyin sama masu kauri, kuma idan ka saurari abin da ka ɗauka za ka ji sautin a matse, ko da a ɗakin bai dame ka ba.

A cikin huɗun nan ni Katana zan ba ka, idan aljihu ya kai. Kamfanin Boss ya fara fitar da ita a 2016, kuma akwai maɓalli a jikinta da ke saukar da ƙarfinta daga wat 50 zuwa 25, har zuwa rabin wat, ta yadda za ka samu sautin da kake so ba tare da mutanen cikin gida sun aiko a ce ka rage ba. Tana da kafar USB da ke kai sauti cikin kwamfuta, tana kuma da kafar hedifon wadda ke kwaikwayon sautin akwatin sifika, kuma da zarar ka zura waya a nan sifikar takan yi shiru. Ga wanda yake zaune a unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, inda masallaci ke kusa kuma maƙwabta katanga ɗaya ce tsakani, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana nufin za ka iya aiki bayan isha'i ba tare da ka shiga haƙƙin kowa ba. Mustang LT25 ma tana da USB, kuma idan ta nan za ka riƙa ɗauka, ƙanƙantar sifikarta ba za ta shafi aikinka ba.

Mai gyaran kayan sauti, daga Panteka:

Malam mai situdiyo ya yi bayani mai kyau, amma ni tambayarka ta ƙarshe ce ta fi damuna, domin ƙugin nan yana iya ɓata maka aiki ko da wace amfilifaya ka saya. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma wannan kai da komon ne kake ji a matsayin ƙugi. Siraran maganaɗisun da ka ce jitarka tana da su sun yi suna wajen jawo shi daga iska, daga fanka, daga fitila, daga cajar kwamfuta. Kafin ka ɗora wa kowace na'ura laifi, yi wannan gwaji: ka murɗa maɓallin ƙara na jikin jitar har ƙasa. Idan ƙugin ya ɗauke, jitar ce ke jawo shi, kuma za ka ga yana raguwa idan ka juya jikinka wani ɓangare na ɗakin, ko ka sa makunnin jitar a tsakanin maganaɗisu biyu, domin a yawancin irin waɗannan jitoci na zamani an naɗa na tsakiyar ne ta yadda zai kashe ƙugin ɗan'uwansa. Idan kuwa bai ɗauke ba, sai ka cire cajar kwamfutar ka bar ta a kan batir, ka sake saurare.

Sannan ka nemi mai aikin wuta ya duba ko soket ɗin shagon yana da wayar ƙasa ta gaskiya, domin gidaje da yawa an ja musu waya biyu ne kawai, kuma ƙaramin janareto galibi ba a haɗa shi da ƙasa. Ina roƙonka kada ka yarda da wanda zai ce ka karya ƙafa ta uku ta filogi don ƙugi ya tafi. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya, don haka idan wuta ta zubo a jikin amfilifayar kuma babu hanyar da za ta bi ta shiga ƙasa, ta hannunka za ta bi. Idan kana da inbata, ka tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce, domin masu araha da ke fitar da wuta a gutsuttsure suna sa wani zuuu wanda ya fi na janareto muni.

Game da ta hannun nan, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka da jitarka da wayarka. Ka bar ta a kunne na ɗan lokaci ba tare da an zura komai ba, idan tana ƙugi mai kauri ita kaɗai, to manyan kondensan da ke tace wutarta sun gaji. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙaras-ƙaras ɗin da za ka ji yawanci ƙurar hunturu ce, fesa maganin wanke maɓalli yana kawar da ita, kuma dalili ne na neman ragi, ba na fasa ciniki ba. Abin gudu shi ne sifikar da ke gogar ciki: ka kaɗa tsirkiya mafi kauri a hankali ka bar sautin ya mutu da kansa, idan ka ji wani kar-kar yana bin sa har ƙarshe, ka bar musu kayansu.

Makaɗin jita na coci, daga Sabon Tasha:

Ɗan'uwa, ina gaisuwa. Ni zan tsaya wa Bandit, domin na daɗe ina kaɗa irinta a hidimar Lahadi, kuma na ɗauki waƙoƙin ƙungiyar mawaƙanmu da ita. Kamfanin Peavey na Amurka ya gina ta ne don ta sha wahala, kayan cikinta kuma irin waɗanda masu gyara suka saba da su ne, saɓanin sababbin nan masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, waɗanda idan allonsu ya ƙone sai dai a jira a kawo wani daga waje, in ma an samu. A garin da wuta ke hawa da sauka wannan abin dubawa ne. Aibinta nauyi ne da rashin USB, amma tunda sauti garau ka fi kaɗawa, a nan ne mai tiranzisto ba ta jin kunyar kowa. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 kuma har yau ake kafa misali da ita wajen tsaftar sauti, babu kwalba ko ɗaya a cikinta. Ƙannenta JC-40 da JC-22 ma suna nan, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da za a kira araha.

Idan ka ɗauki Bandit, ka ware kuɗin makirufo, kuma Shure SM57 shi ne wanda aka fi kafawa a gaban sifikar jita a duniya. Ka yi hattara, jabunsa ya cika kasuwa, kuma idan farashin ya yi daɗi fiye da kima, to ba shi ba ne. Yadda nake yi shi ne in ɗora amfilifayar a kan kujera, nesa da kusurwar ɗaki, domin siminti da lungu suna kumbura kaurin sauti. Daga nan sai in haska tocila ta cikin ƙyallen gaba har in ga cibiyar sifikar, in kafa makirufon kamar yatsu biyu daga ƙyallen, daidai inda cibiyar ta haɗu da takarda. Idan sautin ya yi kaifi, sai in matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa gefen sifikar, idan ya dushe in dawo da shi wajen tsakiya. Matsawar inci ɗaya takan canza sauti fiye da duk murɗe-murɗen da za ka yi a kwamfuta daga baya. Ka rataya bargo mai kauri a bangon da sifikar ke kallo, ka kuma kashe fanka kafin ka danna ɗauka, ko da zafin watan Afrilu ne.

Mai haɗa sautin tallace-tallace, daga Unguwar Rimi:

Da izinin manya, ina da ra'ayi dabam. Malam, tunda kana da sawunkad, akwai kafa ko maɓalli a jikinsa da aka tanada don jita, kuma akwai manhajojin kwaikwayon amfilifaya, wasu ma kyauta, waɗanda mai sauraro a waya ko a rediyon mota ba zai bambance su da ta gaske ba. Ni mace ce mai aiki a gida, ban da sararin buɗe sifika, kuma haka nake ɗaukar jitar duk wanda ya zo mini. Babbar fa'idar ita ce sautin yana shiga a ɗanyensa, don haka idan mai waƙa ya dawo bayan mako ya ce a rage kaushi, ba sai an sake kiran makaɗi ba. Ina ba ka shawara ka gwada wannan hanya tukuna, ka sa kuɗin a waya mai kyau, da gyaran wutar ɗakin, da sababbin tsirkiyoyi, domin tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi babu amfilifayar da za ta dawo mata da haskenta.

Mai situdiyo, daga Barnawa:

Maganar Hajiya gaskiya ce, ni ma nakan ajiye ɗanyen sautin a gefe ko da na kafa makirufo. Inda na saɓa mata shi ne hannun makaɗi yana canzawa idan iska tana fitowa daga sifika tana dukan jikin jitar, musamman a salon Agadas da ake barin tsirkiya ɗaya tana ta amo a ƙarƙashin sauran. Haka kuma ƙaramar kwamfuta takan jinkirta sauti tsakanin yatsa da kunne idan manhaja ta yi mata nauyi, kuma wannan jinkiri yana karya wa mai koyo kari. Gargaɗi ɗaya zan ƙara: kada ka taɓa haɗa kafar da aka yi don ƙarin sifika da sawunkad, za ka ƙona shi nan take.

Mai tambaya, daga Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi gwajin da Baba na Panteka ya ce, kuma cire cajar kwamfuta kaɗai ya rage ƙugin sosai. Na kuma je na ga Bandit ɗin, sifikarta lafiya lau, maɓalli biyu ne kawai ke ƙaras-ƙaras, kuma kuɗinta zai bar mini abin sayen makirufo, abin da Katana ba za ta bar mini ba. Sai dai a bayanta an rubuta 120V, kuma mai kayan ta cikin wani ƙaramin taransifoma ya kunna ta. Wannan zai zama matsala?

Mai gyaran kayan sauti, daga Panteka:

Ɗana, wannan kayan Amurka ne, kuma ranar da wani ya zura ta kai-tsaye a soket ɗinmu, a ranar za ta ƙone. Ana iya aiki da ita, amma da sharaɗi. Ka karanta wat ɗin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga, domin shi ne abin da take ci, ba wanda take fitarwa ba, sannan ka sayi taransifoma mai saukar da wuta wanda ƙarfinsa ya ninka wannan adadi, mai nauyi a hannu, mai ƙafa uku a shiga da fita, ba irin ƙananan nan na matafiya ba. Ka ajiye shi a ƙasa nesa da jitar da wayar makirufo, domin shi ma yana watsa ƙugi. Ka ɗaure filogin amfilifayar a jikinsa da salatif, ka rubuta 120 da babban baƙi a kai saboda ƙanne da abokai masu shigowa shago. Kuɗin taransifoman kuma ka cire shi daga farashin da mai kayan ya faɗa, idan ya ƙi, ka haƙura ka jira wadda aka rubuta 230V ko 220 zuwa 240 a bayanta, irin waɗanda ake kawowa daga Turai.