Giyar Sauternes: wane gida ne gaba da wane?

Rabi: Salamu alaikum mutanen zaure. Na samu aikin kai abinci tebur a nan Bordeaux ta ƙasar Faransa, yau sati biyu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne farar giyar inabi mai zaƙi, ta Sauternes. Ni ba na sha, amma baƙi sukan tambaye ni wacce ta fi, sai in tsaya ina kallon takardar jerin giyarmu. Don Allah masu sani a taimaka mini.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma ban taɓa kai ta baki ba, amma aiki ya sa na san ta. Fara da jerin 1855. Sarki Napoleon na Uku ne ya sa a tsara shi saboda babban baje kolin Paris na shekarar, dillalan Bordeaux kuwa suka jera gidajen da ke yin giyar bisa farashin da ake sayen giyarsu a lokacin. Hawa uku ne. Château d'Yquem shi kaɗai a ƙololuwa, ba shi da abokin zama. Ƙarƙashinsa gida 11 masu daraja ta ɗaya, sai 15 masu ta biyu, 27 ke nan a lissafin yau. Duk suna cikin ƙauyuka biyar: Sauternes, Bommes, Fargues, Preignac da Barsac.

Rabi: Na gode Malam. Ke nan in baƙo ya ce wadda ta fi, in ce Yquem kawai?

Bitrus: In aljihunsa zai ɗauka, e. Amma Rabi, kar ki tsaya nan. Ni ina ɗanɗanawa, kuma abin da zan ce miki shi ne ki fara tambayar baƙon irin wadda yake so. Mai son mai kauri, mai ƙanshin zuma, nuna masa Suduiraut ko Rieussec. Wanda zaƙi mai yawa ke gundura, nuna masa na Barsac: Climens ko Coutet, sun fi sauƙi a baki. A masu daraja ta biyu kuma Doisy-Daëne ba ta taɓa ba ni kunya ba, ga rangwamen kuɗi.

Hamisu: Bari in sa baki, don ni na yi tsinkar inabi kaka biyu a wata gona a Bommes lokacin ina karatu. Anti Rabi, in kin ga yadda ake yinta, tsadar ba za ta ba ki mamaki ba. Akwai ɗan kogi mai sanyi, Ciron, da ke faɗawa kogin Garonne. Da kaka hazo kan lulluɓe gonakin da asuba, da rana ta ɗaga ya washe. Wannan ne ke kawo wata fumfuna da ke huda fatar inabi, ruwan ya tsotse, zaƙin ya taru. Ranar farko da aka miƙo mini almakashi aka nuna mini 'ya'yan da zan yanka, wallahi na ɗauka na zubarwa ne: sun yamushe, sun yi toka-toka, hannu duk danƙo. Ashe su ne dukiyar. Ba a yanke nonon inabi gaba ɗaya, sai ka zaɓi waɗanda suka kai, ka bar saura, bayan kwanaki a sake bin layin. Mun bi layi ɗaya har sau huɗu. In aka yi ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, wahalar shekara ta tafi a banza.

Malam Isufu: Gaskiyarka Hamisu. Shi ya sa Yquem ba su fitar da ita ba sam a 1992 da 2012, sun gwammace asara da ɓata suna. Su ne ake cewa kurangar inabi ɗaya kofi ɗaya take ba su. Rabi, riƙa duba shekarar da ke jikin kwalba. 2001 da 2009 sun yi suna ƙwarai.

Bitrus: Ƙari ɗaya. Jerin nan farashin 1855 ya nuna, gidaje kuwa sun sauya hannu tun daga nan. Yquem kansa ya koma hannun kamfanin LVMH a 1999, bayan iyalin Lur-Saluces sun riƙe shi tun 1785. Iyalin kuma suna da Château de Fargues, wanda ba ya cikin jerin ko kaɗan, amma duk wanda ya san harkar yana girmama shi. In yana takardarku, kar ki raina shi don ba ki ga tambarin daraja ba.

Rabi: Yana nan kuwa, na gan shi a ƙasan shafi! Na rubuta duka. Akwai inda mutum zai je ya gani da idonsa?

Hamisu: La Tour Blanche, a Bommes. Mai daraja ta ɗaya ce, kuma makaranta ce, don mai ita ya bar wa gwamnatin Faransa gonar da sharaɗin a koyar da noman inabi a wurin. Ki bari sai Oktoba, ki yi sammako ki tarar da hazon bai tashi ba. In kin shirya ki yi mini magana mu tafi tare.